Dami Bakwai a Rumbun Lirwanu

A garin Gummi, idan mutum ya bi layin masu gyaran babur, zai tarar da wani shago mai faɗin tabarma biyu, wanda allon da ke samansa ya fi ƙofarsa girma. A jikin allon an rubuta: Injiniya Lirwanu, Sarkin Ajiya na Anka, Gummi da Bukkuyum. Babu wanda ya naɗa shi wannan sarauta. Shi ya naɗa kansa, bayan ya dawo daga wani horon kwamfuta a Gusau wanda bai kai tsawon azumin Sitta Shawwal ba, amma yakan ba da labarinsa kamar wanda ya shekara goma a Masar. Sana'arsa ta ainihi ita ce cajin waya da tura wa mutane wa'azi. Dukiyar shagon kuwa tsohuwar kwamfuta ce ta ɗorawa a cinya wadda batirinta ya daɗe da mutuwa, sai farantin sola guda a kan wani turke a ƙofa da batirin da yake tara wa wuta, da wani faifan ajiya baƙi mai girman sabulu.

A daminar nan ne kawunsa Dikko, ƙanin mahaifiyarsa, ya dawo daga aikin Hajji. Manomi ne, bijimansa ya sayar ya biya kujera, kuma babu abin da ya dawo da shi da yake ƙauna kamar hotunan da ke cikin wayarsa. Ya ƙi tura wa kowa ko guda, domin yana adana su ne don ya kunyata taubashinsa mai suna Jibo, wanda tun suna yara bai taɓa yarda da wata magana tasa ba. Ranar Asabar da safe Jibo ya iske shi zaune a ƙofar shagon Lirwanu, mutane suna yi masa barka da sauka.

"Dikko na Sakkwato, sannu da tahiya," in ji Jibo. "An ce hilin jirgi kal laɓe har anka gama, kas sayi dabino kad dawo."

Dikko ya wangale baki ya nuna masa haƙorin Makka.

"Zinarin mahaƙan Bagega na," in ji Jibo. "Ko akuyata in na kai ta ana sa mata."

"To ga Zamzam."

"Ga rijiyarmu ma da ruwa."

Nan Dikko ya rantse cewa Asabar mai zuwa, bayan la'asar, zai nuna hotunansa a babban talabijin na gidan kallon ƙwallo, a gaban duk wanda ke da ido, kuma Jibo zai kira shi Alhaji da bakinsa. Jibo ya ce ya amince, amma idan ba a ga komai ba, to Dikko na Sakkwato ne har a kai shi makwanci.

Lirwanu, wanda tun ɗazu yake jiran ƙofa, ya gyara baƙin tabarau ya fito. Ba ya magana da harshen gari tun da ya je Gusau, Hausar rediyo yake yi.

"Kawu, mako guda ba wasa ba ne. Waya tana faɗawa rijiya, ana sace ta, yaro yana jefa ta a kunu. Kawo amanar nan in sa ta a rumbu."

"Wane rumbu?"

Lirwanu ya ɗaga faifan sama, yadda kowa zai gani.

Habsu mai ƙosai, wadda kaskonta ke daura da shagon, ta ce, "Wanga sabulun? Ko ɓera ba ya juyawa ciki."

"Hajiya Habsu, ki tsaya ga ƙosanki. Wannan ilimi ne."

Ya yi musu bayani, kuma a gaskiya ya yi shi daidai, domin wannan ɓangaren na darasin ya ji shi da kunnensa. Ya ce a cikin kwamfuta akwai wani wuri da zai zuba hotunan, shi ne gona. Kullum da azahar, ba tare da an taɓa ta ba, na'ura za ta leƙa gonar, ta ɗaure dami irin yadda ta same ta ranar, ta kai rumbu. Ba ta wahalar da kanta da ɗaukar abin da ta riga ta ɗauka jiya, sabon abin da ya canza kawai take ƙarawa, amma duk damin da aka kwance zai nuna gonar sak yadda take a ranarsa. Rumbun yana riƙe dami bakwai. Idan na takwas ya zo, mafi tsufa zai fita ya ba shi wuri.

"In ya hita ina za shi?" Habsu ta tambaya.

"Inda ƙosan jiya yake zuwa," in ji Lirwanu. Aka yi dariya, ya ji daɗi ƙwarai.

Ya zuba hotunan a gona. Da azahar ta yi, kwamfuta ta yi gurnani, faifai ya yi ƙyalli, sai aka ji zakara ya yi cara daga cikinta, domin Lirwanu ya sa mata carar zakara ta zama alamar an gama ɗaure dami. Kajin Habsu suka ɗaga kai suna dube-dube. Ya kwance damin ya nuna wa kawunsa: ga Dikko a cikin harami, ga shi a gindin raƙumi, ga shi a Arfa ya ɗaga hannu hawaye suna zuba. Dikko ya share ido da bakin rawani ya sa masa albarka.

Sai Lirwanu ya yi tunani irin na ɗan manomi. Ya dubi taron ya ce, "A cikinku wa ya taɓa kai gero rumbu, kuma ya bar shi a gona?"

Aka ce babu.

"To ni ma ba mahaukaci ba ne."

Ya share gonar tas. Ya karɓi wayar Dikko ita ma ya share ta, don ta sami sarari, ya cika ta da wa'azi kyauta. Da ya ga gonar ta yi fayau sai ya ji ba daɗi, ya ce ko bayan girbi akan bar mutum-mutumi, ya sa hotonsa guda ɗaya a ciki, wanda ya ɗauka da baƙin tabarau ya dafa haɓa.

Malamin Gusau ya faɗa musu cewa wannan rumbu ba irin na gero ba ne, madubin gona ne, abin da aka share a gona zai fita daga rumbu a ranar da damin ƙarshe mai ɗauke da shi ya fita. Amma a lokacin da yake faɗar haka, Lirwanu yana waje yana tambayar ko an kawo shinkafar mahalarta. Saboda haka hotunan Dikko duka suna cikin dami guda, na ranar Asabar, kuma kowace cara tana matsar da shi kusa da ƙofa.

Washegari hadari ya rufe gari tun safe, sola ta ƙi kawo wuta. Lirwanu ya shiga tashin hankali, domin ya riga ya shelanta cewa zakaransa ba ya fashi. Ya ruga shagon Muttaka mai aski, ya iske shi ya kai rabin kan wani ɗan kasuwa, ya zare wayar janareta ya ja ta zuwa shagonsa.

"Kai Lirwanu, mi kake yi haka?" in ji Muttaka.

"Aikin gaggawa ne. Gashi yana jira, ajiya ba ta jira."

Ɗan kasuwar ya biyo waya da ƙyalle a wuya, rabin kai fes, rabi daji, ya tsaya a ƙofa yana tambayar wa zai fara mari. Kafin ya yanke shawara zakara ya yi cara. Lirwanu ya ɗaga hannu biyu kamar ɗan dambe, ya ce da ɗan kasuwar ya yi alfahari, domin rabin kansa ya shiga tarihi. Muttaka ya naɗe wayarsa ya rantse ko gobara ake kashewa da janareta ba zai ƙara ba shi aro ba.

Labari ba ya kwana wuri guda. Lirwanu ya faɗa a wurin mai shayi cewa duk abin da ya ɓace yau, in dai jiya yana nan, shi zai dawo da shi. Kafin maganar ta isa Anka ta rasa wutsiyarta, ta zama cewa a Gummi akwai wani yaro mai dawo da jiya. Sai ga mutane. Wata tsohuwa ta zo a dawo mata da farashin taki na bara. Wani mai sanƙo ya cire hula ya sunkuya ya nuna masa tsakar kansa. Wani ya ce shi matarsa ba ta tafi ba tukuna, amma yana so ya san ko ana iya dawo da maganar da ya faɗa mata da safe. A ƙarshe wani dattijo Bafillace ya shigo riƙe da igiya, ya ajiye ta a kan tebur.

"Jakina na ɗaure da ita jiya. Yau igiya kaɗai."

Mutumin kirki da sai ya ce an yi masa mummunar fahimta. Lirwanu kuwa ya juya igiyar, ya sansana ta, ya girgiza kai.

"Baba, ka sa shi a rumbu kafin ya ɓace?"

"A'a."

"To ka ga matsalar mutanenmu ke nan. Sai abu ya ɓace ake neman injiniya."

Dattijon ya ɗauki igiyarsa ya tafi yana jinjina wannan magana. Washegari da sassafe ya dawo da ɗayan jakinsa, ya ce a sa wannan tun bai ɓace ba. Lirwanu ya dubi jaki, ya dubi faifai, ya ce akwai layi, a ɗaure shi a turken sola kafin a zo kansa.

"Ta kai za ka sa shi ko ta wutsiya?" in ji Habsu.

"Na ce ki tsaya ga ƙosanki."

"Ina tsaye. So nike in ga inda kunnuwan za su shiga."

Ranar ta zo daidai da cin kasuwar Nasarawa Burkullu da ke ƙasar Bukkuyum, kuma Lirwanu ya ƙudura zai je ya gabatar da kansa ga mutanen Bukkuyum, tunda sunansu yana kan allonsa ba su sani ba. Bai yarda ya bar rumbu a hannun kowa ba. Ya ɗaure kwamfuta a ƙirji da zanen mahaifiyarsa, ya sa faifai a cikin hula, ya ɗora batirin shago a bayan babur ɗin Audu ɗan kabu-kabu, suka kama hanya. Ruwa ya kwana yana zuba, hanya ta zama kunu. Sun ratsa kwari biyu lafiya, a na uku babur ya nutse har sirdi. Suna cikin turawa Lirwanu ya dubi inuwarsa ya ga ta shige ƙarƙashin ƙafarsa.

"Audu, saki babur. Azahar ta yi."

"In na sake shi ruwa ya tahi da shi."

"To durƙusa, ka riƙe shi da hannu ɗaya. Tebur nake bukata."

Haka aka yi. Audu ya duƙa cikin laka, hannu ɗaya a kan babur, kwamfuta a gadon bayansa, batir a wuyan Lirwanu. Wasu makiyaya da ke wucewa suka tsaya da shanunsu suna kallon mutum biyu a tsakiyar kwari, ɗaya yana latsa bayan ɗaya. Da cara ta fito daga bayan Audu, shanun suka watse cikin gonar dawa, makiyayan suka bi su suna neman tsari, mai gona ya fito da fartanya. Ba su isa kasuwa ba sai da aka fara kwashe kaya. Duk da haka Lirwanu ya hau kan buhun masara ya yi wa masu shara jawabi, laka tana ɗiga daga gemunsa, ya gayyace su Gummi ranar Asabar.

Da suka dawo, suka tarar da jama'a a ƙofar shago. Jakin ya gaji da jiran layi, ya ja turke, turke ya biyo shi, farantin sola ya biyo turke, suka zaga layin masu gyaran babur tare. An tsinci farantin a kwata, ya zama kamar garin rogo, jakin kuwa ko labarinsa babu. Bafillacen yana tsaye riƙe da igiya ta biyu.

"Yanzu kam ka sa shi?"

"An fara," in ji Lirwanu. "Igiyar ta shiga."

Sauran kwanakin ya ci su da ɗan abin da ya rage a batir, yana hana wayoyin mutane caji don zakara ya sami abin cara, kuma zakara bai yi fashi ba. Amma ranar Asabar, ranar taro, batir ya wayi gari babu ko numfashi.

Jibo ya daɗe yana lura. A fahimtarsa, wannan cara ita ce ke raya hotunan, idan aka rasa ta rana guda za su bushe kamar shukar da ba ta sha ruwa ba. Don haka tun da hantsi ya je ya ɗauki hayar janaretan Muttaka na yini guda, ya sa aka kawo shi gindin bishiyar da ke fuskantar shagon, ya shimfiɗa buzu a kansa ya zauna yana cin goro. Ya kuma roƙi mai gidan kallo, wanda surukinsa ne, kada ya tayar da inji sai la'asar.

Lirwanu ya zagaya gari bai samu wuta ba. Ya dawo ya durƙusa gaban Jibo.

"Baba Jibo, na ɗan lokaci kaɗan."

"Ina bisa kayana. Ƙwai nike kwanci."

Ya tafi gidan kawunsa a guje ya ce abokan gaba sun yi wa amana ƙawanya, idan zakara bai yi cara yau ba, shi ba ya ɗaukar alhakin abin da zai faru. Dikko ya tashi da farar rigarsa ta taro. Akwai wata motar ɗaukar hatsi da ta kwana a bakin tasha, ya yi wa direban magiya har ya kwance masa batir. Dattijon da bai gama warware gajiyar Hajji ba ya ɗora batir a kan rawani, ya ratsa kasuwa da shi, ruwan batir yana ɗiga yana huda masa riga, mutane suna biye da shi suna yi masa kirari. Ya wuce ta gaban Jibo ya ce, "Ci gaba da kwanci."

Lirwanu ya haɗa wayoyi. Kwamfuta ta farka, ta yi gurnani, ta yi jinkiri kamar mai jin nauyin abin da za ta aikata. Sai zakara ya yi cara, cara mai tsawo. Aka ɗauki Lirwanu a kafaɗa. Dikko ya rungume shi ya ce ɗan 'yar'uwa ya fi ɗan ciki. Jibo ya sauka daga janareta, ya fara gwada faɗin kalmar Alhaji a hankali don ya ji yadda za ta fita.

Bayan la'asar gidan kallo ya cika har waje. Runfa ce ta kwano, an zuba tsakuwa a ƙasa saboda taɓon damina, an jera benci. Har masu sharar Nasarawa Burkullu biyu sun zo. Aka zaunar da Dikko a kujerar gaba, Jibo a gefensa. Lirwanu ya haɗa kwamfuta da talabijin, ya yi jawabin buɗewa wanda ya taɓo tarihin rumbu tun daga zamanin kakanni, har sai da aka fara tari. Sannan ya kwance damin yau.

Fuskarsa ta cika talabijin, da baƙin tabarau, ya dafa haɓa.

"Wannan mai gadi ne," in ji shi. "Yanzu za mu shiga ciki."

Ya kwance na Juma'a. Mai gadi. Ya kwance na Alhamis. Mai gadi.

"Wanga balaraben na san shi," in ji Jibo. "Ina Makka kag gamu da shi?"

"Na'ura tana ɗumama jiki ne," in ji Lirwanu. Gumi ya fara bin tabarau.

Na Laraba, na Talata, na Litinin, duk shi ne, haɓa a dafe. Jama'a suka fara yi wa hoton sallama duk lokacin da ya fito. Ya rage dami guda. Lirwanu ya yi bisimilla ya kwance. Na Lahadi ne, kuma mai gadi yana nan bai gusa ba.

Dikko ya yi magana a hankali. "Ina na Asabar? Wanda kan nuna min, ina Arfa?"

Lirwanu ya ƙirga damunan daga sama zuwa ƙasa, ya sake ƙirgawa daga ƙasa zuwa sama. Bakwai ne cif, kamar yadda ya yi alkawari.

"Kawu, ka tuna na ce idan na takwas ya zo…"

"Yaushe yaz zo?"

"Ɗazu da azahar."

"Da batirin da nid ɗauko bisa kaina?"

"Ka ga ingancin aikin ke nan. Na'urar ba ta saɓa ko sau ɗaya ba."

"To ɗauko su cikin gona."

"Mun yi girbi."

"Cikin wayata."

"Akwai wa'azi mai kyau a kan haƙuri."

Daga bayan runfa Habsu ta ce, "Sun tahi inda ƙosan jiya ka zuwa."

Dariya ta ɓarke har kwano yana amsawa. Jibo ya faɗo daga benci, aka tayar da shi, ya sake faɗowa. Da ya sami numfashi ya gane cewa da an bar shi ya ci gaba da kwancinsa da ya ceci hotunan taubashinsa, sai dariyar ta dawo masa sabuwa. Bafillacen mai jaki ya ɗaga igiyoyinsa biyu ya tambaya ko igiyar ma ta fita. Lirwanu ya fara bayanin cewa a ƙasashen da suka ci gaba wannan nasara ce, domin babu dami ko ɗaya da ya lalace, yana magana yana matsawa wajen ƙofa.

Dikko bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya dubi rigarsa mai huji, ya dubi talabijin, har dariyar ta mutu da kanta. Sannan ya miƙe.

"Kashe wanga abu. Na tara mutane su ga hotuna, kuma sai sun gani. Suna nan cikin kaina, allo kaɗai nir rasa. Lirwanu, taho nan."

Lirwanu ya dawo, domin Muttaka da Audu sun tsaya a ƙofa.

"Hoto na hwarko, jirgi. Buɗe hannuwa. Karkata. Yi ƙara."

Sarkin Ajiya ya buɗe hannuwa ya karkata yana gurnani, Dikko ya tsaya a gindin hammatarsa yana ɗaga wa jama'a hannu, yadda ya yi a ranar tashi. Aka tafa.

"Na biyu, raƙumi. Durƙusa. Miƙe wuya. Tauna."

Ya durƙusa yana taunar iska, Dikko ya dafa tozonsa ya yi murmushi haƙori yana walƙiya. Daga nan ya zama balaraben da ya sayar da dabino, ya zama famfon Zamzam, ya zama laimar da Dikko ya riƙe a rana. Dikko yana bayani dalla-dalla, wane titi, wane zafi, wa ya taka masa ƙafa, abin da ya roƙa wa Innarsa a Arfa, tsofaffi suna gyaɗa kai, wasu suna share ido. Jibo ya daina dariya, amma ya naɗe hannu a ƙirji. Lirwanu kuwa ya fara jin daɗin tafin, har ya raɗa wa kawunsa cewa wannan ma wata fasaha ce da za a iya kai wa Anka.

"Saura guda," in ji Dikko. "Koma can jikin bango. Miƙe tsaye sak. Haɗe ƙahwahu. Kak ka motsa."

"Wannan wane hoto ne, Kawu?"

"Mina. Wurin jihwan Shaiɗan."

Aka ji benci suna motsi. Gaba ɗaya runfar ta sunkuya ƙasa, sai ƙarar tsakuwa ake ji ana zaɓe. Jibo ya riga kowa, ya ɗago da guda mai girman ƙwan zabuwa, ya auna ta a tafin hannu, ya matso kusa da taubashinsa cikin ladabi.

"Alhaji, tunda kai kaj je, koya muna. Duka yau ake gamawa?"

Dikko ya gyara rawani, ya dubi jama'a don ya tabbata kowa ya ji sunan da aka kira shi.

"Ba a gaggawa," in ji shi. "Kwana ukku ake yi."